Kalaba Uku a Kan Mulikatu

A shekarun nan, idan mace ta rasu a unguwar Maamobi, kafin a gama salati za ka ji wata ta ce a kira Mulika. Mulikatu ke nan, mai wankan gawa. Doguwa ce siririya, da tabon ƙuna daga gwiwar hannun dama har wuyan hannu, kullum da bokitin ƙarfe da ƙunshin kayan aikinta a ciki. Tana shigowa gidan makoki mata za su dare mata hanya, baƙo ya ɗauka girmamawa ce. Ina fa. Mulikatu tana da farfaɗiya, kuma duk unguwar an haƙiƙance cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa mutum, to ya kamu.

Abin haushi, abin dariya. Hannun da ba a karɓar kofi daga gare shi, shi ake miƙa wa uwa da 'ya ranar da suka fi buƙatar a taɓa su da mutunci. In ta gama, a yi mata godiya daga nesa, a ajiye mata sadakar zane ko sabulu a ƙasa kusa da ƙofa, ta sunkuya ta ɗauka. Ta daɗe da daina jin ciwon wannan. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai tun tana budurwa: ranar da tata ta zo, wa zai wanke ta?

An haife ta a unguwar Nima, a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da banɗaki ɗaya. Ubanta Wasiu Bayarabe ne mai teburin kayan gwangwani, uwarta Mma Sala mai koko. Tana da shekara goma sha ɗaya ciwon ya fara kayar da ita, a layin famfo. Da ta farfaɗo ta ga mata sun yi zobe can nesa da ita, wasu suna zubar da ruwan da suka yi awa biyu suna layinsa. Kafin sati ya zagayo masu shan kokon Mma Sala sun koma wajen wata, ita kuma ta koma sayar da gawayi, don shi dai ba a sa shi a baki. Aka shafa wa kofin Mulika da kwanonta jan fenti. An sha rubutu, an sha hayaƙi har idonta ya yi ja, an kai ta wajen wani mai magani a wani ƙauyen ƙabilar Ga ya tsattsaga mata goshi. Ciwon bai je ko'ina ba.

A 1969 gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Wasiu ya hau babbar mota da 'ya'yansa maza uku, ya ce in ya zauna zai aiko a ɗauki sauran. Mulika tana tsaye a bakin titi ta ji wata mata a cikin motar tana cewa in dai da yarinyar nan za a tafi, ita a sauke ta. Ba a aiko ba. Ita da uwarta suka koma wani ƙaramin ɗaki a Maamobi, can ƙarshen gida kusa da inda ake shanya.

A gidan da ke manne da nasu akwai Saratu, wata mai irin ciwonta. Da daminar shekarar da ta biyo baya ciwon ya kayar da Saratu a bakin babbar kwata ana ruwa, kafin a sami mai ƙarfin halin jawo ta rai ya yi halinsa. Langa-langa ce ta raba banɗakin gidajen biyu, kuma akwai ɓula a jikinta. Ta nan Mulika ta ga wankan. An ɗaura ludayi a kan sandar tsintsiya, wata ta tsaya daga bakin ƙofa tana miƙa hannu tana kwarara ruwa, kamar mai ba shuka. Sau uku aka yi. Sannan mata biyu suka zura hannayensu cikin buhu suka mirgina ta cikin likkafani, da taɓon kwatar a gashinta. Mulika ta riga ta haƙura da aure, ta haƙura da zama cikin mata ranar biki, amma wannan ta kasa haɗiye shi. Kwana uku ba ta ci abinci ba, kuma ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba, har uwarta.

Amai da gudawa ne ya ba ta sana'a. A 1977 ciwon ya shiga unguwa, ana fitar da makara safe da yamma. Mai wankan mata a lokacin wata tsohuwa ce mutuniyar Damagaram, Hajiya Maiturare, kuma duk masu taya ta sun gudu. Wata rana da hantsi ta zo ta tsaya a ƙofar Mma Sala tana dogara sanda.

"Sala, ara mini ɗiyarki. Ina da gawa uku, ba mai zuba mini ruwa."

"Hajiya, kin san ciwon da yake da shi fa," in ji Mma Sala. "Yana faɗi. Mutane ba za su yarda ba kuraa, ko kaɗan."

"Mutanen suna ina? Duk sun kulle ƙofa. Waɗanda zan kai ta wajensu ba za su ce komai ba."

Haka Mulika ta ɗauki bokiti ta bi ta. Hajiya Maiturare ba ta da sauƙin baki, amma ta iya aikin, kuma ta koyar da shi dalla-dalla. Yadda ake rufe jiki da zane kada ido ya ga abin da bai kamata ba. Yadda ake naɗe hannu da ƙyalle. Alwala tukuna, sannan ɓangaren dama, sannan hagu, da ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. Daga nan a taje gashi a yi kalaba uku a kwantar da su baya. "Sassauta hannu, ɗiyata, uwar wani ce," haka take cewa. Doka ɗaya take maimaitawa kullum: kada a tsallake baki. A naɗe yatsa da jiƙaƙƙen ƙyalle a goge haƙora da leɓe, ko da mamaciyar ta tafi da mugun ciwo, don da bakin nan za ta amsa tambaya. Tsohuwar ce kaɗai a unguwar take sa hannu a kwanon Mulika mai jan fenti. In an yi mata magana sai ta ce ta kusa tamanin, abin da bai kama ta ba zuwa yanzu ya makara.

Da annobar ta lafa, mutane suka fito da ƙyamarsu kamar yadda suka shiga da ita. Sai dai an ga hannun Mulika. Da farko gawar da ake gudu ake kira mata: wadda ta ƙone, wadda ta kwana biyu ba a sani ba, 'yan dakon kasuwa da suka zo daga arewa ba dangi. A hankali aka lura gawar da ta wanke ta fi fita fes, sai masu hali ma suka fara aiko mata. A shekarar yunwa, 1983, Hajiya Maiturare ta rasu, bayan wata huɗu Mma Sala ta bi ta. Mulika ce ta wanke su duka biyun. Uwarta ce mai yi mata kitso duk Juma'a biyu, tana yi tana mita wai gashin Yarabawa gare ta mai taurin kai. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa kanta. Masu kitso ba sa karɓar ta, ita kuma kafaɗarta ta dama ta goce sau biyu wajen faɗuwa, hannun ba ya ɗaguwa sosai. Sai ta riƙa tufke gashin da baƙin zare ta ɗaura ɗankwali.

Wanka ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, dole da mai zuba ruwa. Nan Abibata ta shigo. Abibata mai albasa ce a Kasuwar Malam Atta, gajera mai jiki, mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya, ta girmi Mulika da shekara biyar. 'Yarta ta fari ta rasu wajen haihuwa, ta tsaya ta ga yadda Mulika ta wanke yarinyar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Bayan sadakar arba'in ta zo ta ce daga yau ita za ta riƙa zuba ruwa, don Allah. Ta kuwa cika alkawari. Ko tana tsakiyar ciniki aka aiko, za ta bar wa maƙwabciya tebur ta hau motar hayar da ake kira trotro.

Abibata tana son Mulika, wannan ba shakka. Ita ke kawo mata wake da shinkafa da ɗumi, ita ke zagin duk wanda ya kira ta da sunan ciwon. Amma abincin daga sama take juye shi cikin kwano mai jan fenti, kada kwanukan su haɗu. A ɗakin wanka in za ta ba ta sabulu sai ta ajiye a ƙasa. In ciwon ya kayar da Mulika a hanya, Abibata za ta kori 'yan kallo, ta ture duwatsu da ƙafa, ta wurga mata mayafi ya rufe cinyoyinta, ta tsaya taku uku tana karanta duk abin da ta haddace har ta farfaɗo. Taku ukun nan bai taɓa zama biyu ba.

Sun taɓa zuwa asibiti tare karɓar ƙwayar da ke rage yawan faɗuwar. Wata nas ta zaunar da su ta yi bayani da Turanci da yaren Twi cewa ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukar sa ta yawu ko ta taɓawa, har ta kama hannun Mulika ta riƙe don a gani. Abibata ta yi ta gyaɗa kai tana "Yoo, Madam, na ji." A mota kuwa ta sa buhun albasa a tsakaninsu.

"Nas ɗin nan ya iya magana paa," ta ce. "Amma shi yana da allura a aljihu. Ni me nike da shi?"

Mulika ta yi dariya, don ba ta da ƙarfin yin wani abu. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ta wanke matan da suka zubar da ruwa a layin famfo, ɗaya bayan ɗaya, ta goge musu baki a hankali. Da ciwon nan mai ramar da matasa ya shigo, wanda ba a faɗin sunansa a gidan makoki, ita aka sake kira. Ta sayi likkafaninta tun da daɗewa, da garin magarya da kafur, ta ƙulle a ƙasan akwati. Kayan wanka dai sun cika, mai wankan ce babu.

A 1997 tana da shekara arba'in da bakwai, amma ta gaji irin gajiyar tsofaffi. Bayanta ya riƙe saboda sunkuyo, ƙwayar ma ta fara gaza mata. Wata Talata da rana ciwon ya kayar da ita a banɗakin gidansu. Ta farfaɗo kwance cikin ruwan sabulu, harshenta a fashe, ta ji matan gidan a waje suna shawarar wa zai leƙa. Idonta ya sauka kan sandar tsintsiya jingine a lungu, ga ludayinta a ƙasa kusa da ita. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta iya tashi.

Ranar Alhamis bayan azahar ta aika a kira mata Abibata. Abibata ta zo da sauri da mayafin makoki, ta tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ga bokiti ba ruwa, ga ludayi, ga fararen ƙyallaye da mataji.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya Abiba. Ni zan kwanta, ki gwada a kaina."

"A'uzubillahi! Mulika, kin haukace ne? Mai rai ba ya kwanta ma wanka. Kina kiran mutuwa da bakinki."

"Ya san hanya, ba sai na kira ba. Shekara goma sha uku kina zuba ruwa, ko yatsa ba ki taɓa wankewa ba. In na tafi, wa zai yi ma matan Maamobi? Wa zai yi mini?"

Sai ta ba ta labarin Saratu, da ludayin, da buhun, da taɓon kwata a gashi. Shekara ashirin da bakwai labarin yana cikinta, amma da ya fito bai ɗauki minti biyar ba. Abibata ta zauna a bakin gado. Can ta ja ƙyalle ta fara naɗe hannu. Ta naɗa ɗaya, ta ƙara wani a kai, har wuyan hannu.

Mulika ta kwanta ta ja zane zuwa ƙirji ta rufe ido. Da muryar Hajiya Maiturare take ba da umarni. Fara da niyya. Ɗaga ni kaɗan, ki shafa cikin a hankali. Yanzu alwala, hannun dama. Ta ji an ɗaga hannunta mai tabo, ana gogawa tsakanin yatsu. Hannun Abibata yana da tausayi, kuma mai wanka tana gane hannu tun daga taɓawar farko.

"Yanzu baki," ta ce. "Ki naɗe yatsa ɗaya, ki goge haƙora da leɓe."

Ta ɗan buɗe bakin ta jira. Tana jin numfashin Abibata a saman fuskarta, da warin albasa a zanenta. A waje wani yana ta gyaran rediyo, mai dokunu, wato tuwon masara, tana talla tana wucewa. Yatsan bai iso ba.

"Mulika, ki yafe ni," in ji Abibata. "Wallahi zuciyana yana so. Hannu ne ya ƙi."

Mulika ta rufe bakinta. Ta zaci za ta ji haushi, sai ta ji gajiya kawai, mai nauyi, har cikin ƙashi. Bakin mata nawa ta goge a unguwar nan?

"Ba komai. Ranar in ba ki iya ba, ki tsallake, na yafe. Wuce hanci."

Suka yi hanci da fuska da kai da ƙafa. Suka yi dama, suka yi hagu, Abibata tana ɗaga ludayin da ba komai a ciki tana juyewa. Saura gashi. Ta zame ɗankwalin Mulika, sai ta saki salati.

"Ei! Mulika! Wannan kai ne ko sheƙan kaza? Mace da ranki ki bar kai haka?"

Gashin ya yi furfura, ya cukurkuɗe, baƙin zaren ya nutse a ciki. Faɗan Abibata ya motsa, ta manta da makoki. Ta sa mataji, ya suɓuce daga naɗaɗɗen hannun. Ta sake, ya sake faɗuwa. Ba a kitso da hannu a cikin tsumma, duk mace ta san wannan. Ta ja tsaki ta fizge ƙyallayen da haƙori ta yar, ta laluɓo man kaɗe a kan taga, ta jawo kan Mulika ta ɗora a cinyarta.

"Tsaya mana, kada ki motsa. Gashin Yarabawa, taurin kai kamar mai shi."

Yatsu ne tsirara, masu ɗumi, suna ratsa gashin suna taɓa fatar kai. Mulika ta ƙi ko da numfashi mai ƙarfi, kada matar ta farga. Shekara goma sha huɗu rabon da wani ya riƙe kanta. Daɗi ya kama ta, da baƙin ciki, ta rasa wanne ya fi. Abibata tana tsefewa tana mita, ta raba gashin uku, ta kitsa na dama, ta kitsa na hagu, ta kitsa na tsakiya. Hawaye ya gangaro wa Mulika ta gefen hanci, Abibata ta sa babban yatsa ta share shi ba tare da tunani ba. Sannan ta dubi hannunta.

Ta sauke kan a hankali kan tabarma ta fita. Mulika tana kwance tana jin ƙarar ruwa a tsakar gida, ana wanke hannu, a sake sa sabulu, a sake wankewa. Ta daɗe ana yi. Da Abibata ta dawo, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Ki kwance shi fa. Kitson gawa ne, ba kyau mai rai ya yi yawo da shi. Mutane za su gani."

"Wa ke matsowa kusa da ni har ya gani?" in ji Mulika. Ta tashi zaune ta ɗaura ɗankwalinta a kai.

Ba ta kwance ba. Da kalabar ta yi wanka huɗu a makonnin da suka biyo, Abibata tana zuba ruwa, tana ajiye sabulu a ƙasa kamar kullum, ba wadda ta tayar da maganar. Kitson ya fara sakwarkwacewa, gashi yana fita ta gefe, Mulika tana shafa shi da hannun hagu tana mayarwa. Ta riga ta sa a ranta an gama, abin da za ta samu ke nan.

Alhamis ta uku bayan azahar aka yi sallama. Abibata ce, da sabon mataji da kwalbar man kaɗe a hannu ɗaya, da fararen ƙyallaye a ɗayan. Ba ta haɗa ido da ita ba.

"Na zo mu sake," ta ce. "Bakin nan har yanzu ban iya ba. Kuma wannan kai naki yana ba ni kunya."

Mulika ta shimfiɗa tabarma, ta zare ɗankwali da kanta, ta kwanta ta ja zane zuwa ƙirji. Shekara ashirin da bakwai tana roƙon Allah ya ba ta mai wanke ta. Da ta ji Abibata ta durƙusa a kusa da kanta, sai ta sami kanta tana roƙon kada matar ta yi saurin iyawa.